Lagwanin Iya

Murza lagwani aikina ne a gidanmu tun ban isa ɗaukar tulu ba. Na dai tashi na ga idan la'asar ta yi sakaliya, kaji suka fara neman ƙofar akurki, sunana ake ƙwalawa daga ɗakin Iya. Yayyena kowacce da nata aikin, wata surfe, wata wanke-wanke, wata kai akushi zaure, ni kuwa nawa bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, amma da shi gidan yake ganin gabansa har a yi shirin kwanciya. Nakan zauna ina mamakin yarinyar nan mai ƙafafu fururu da tsohon kitso, wadda ko a makarantar allo sai an haɗa da dorina take zama wuri ɗaya, yadda take natsuwa da zarar an miƙa mata ɗan guntun sutu. Wai ni ce.

Iya ita ta haifi Baba, kuma ba ta sayen auduga. Idan an ɗebe ta gona aka ɗaure za a kai kasuwa, daga can manyan motoci su wuce da ita injin gurza na Funtuwa, Baba yakan ware mata kasonta tun kafin sikeli ya gani. Ita za ta gurje abinta a kan magurji, ɗan sandan ƙarfen yana tafiya yana dawowa, gurya tana tsalle gefe ni ina tsincewa, sannan ta ɗauko bakan shiɓa ta yi ta kaɗa tsirkiyarsa har audugar ta tashi ta yi laushi, ƙurarta tana shiga hanci tana sa atishawa, ta naɗe ta sutu-sutu ta jera a taskira. Mai kyawun na mazari ne, shi zai zama abawa ko siririn zare na masaƙa. Wanda ya ɗan yi ja, ko ya kwaso ɓurɓushin ganye, shi ne rabon fitila. Ɗakin nata yana da wani ƙamshi da ban ƙara jin irinsa ba, na alli da man kaɗe da goro da tsohon hayaƙi da ya kama azara, kuma idan na rufe ido har yau ina jin ƙarar gululun mazarinta yana juyi a cikin 'yar tasa.

Sai in lakato alli a yatsa, in ja sutun ya yi tsawo, in ɗora a cinya in murza da tafin hannu, gaba kawai, ba a dawo da shi baya, sannan in ninka shi biyu in sake shi ya naɗe kansa da kansa. Idan na gama in miƙa mata. Ba ta dubawa da ido. Matsa shi take yi tsakanin babban yatsa da manuni, ta ɗan yi jim. Wani lokaci ta ce, "Kin shaƙe shi, ta ina mai zai bi?" Wani lokaci ta ce, "Wannan kuwa mashayi ne, zai shanye mana man mako a dare ɗaya." Idan ya yi daidai ba ta cewa komai, sai dai ta tsoma shi a mai ta juya har ya jiƙe sharkaf, ta kwantar da shi a bakin fitila. Shirun nan shi nake jira.

Gaskiyarta ce kuwa, a duka biyun. Lagwanin da aka matse shi da yawa ba ya barin mai ya hau, sai wuta ta rasa abin ci ta koma kansa, ta cinye shi ya zama baƙin gawayi, ta yi ƙasa-ƙasa ta mutu ana tsakiyar cin tuwo. Wanda aka bari sakwa-sakwa kuma yana kai mai fiye da abin da wutar za ta iya cinyewa, sai harshenta ya yi tsawo ya yi ja, yana rawa, abin da bai ƙone ba ya tashi hayaƙi ya je ya kwanta a rufin ɗaki. Tsakanin waɗannan biyun akwai wani ɗan wuri ƙanƙane, kuma tafin hannun ƙaramar yarinya ya san shi ba tare da kanta ya sani ba.

Fitilar Iya ta maƙera ce, ɗan kaskon ƙarfe mai tsinin baki a kan doguwar ƙafa da ake kafawa a ƙasa, ta yi baƙi ƙirin da tsufa, kuma man gyaɗa take sha, wanda ake tsiyayowa ranar da aka yi ƙuli-ƙuli. Man gyaɗa yana da kauri, ba ya son hawa sama, don haka lagwaninta a kwance yake cikin mai, kansa kawai ya leƙo, kuma da mai ya ja baya sai a karkata kaskon ko a ƙara, in ba haka ba wuta ta fara kuka. Akwai wani tsinken tsintsiya da ke zaune a gefenta don tura lagwani gaba da kakkaɓe masa baƙin da ke taruwa a kai. Da hunturu, idan man gyaɗa ya yi tsada aka koma man kaɗe, sai a tarar da shi ya daskare ya kama lagwanin gam, sai an kai shi bakin murhu ya saki. Wutarta ba ta da haske sosai, iyakarta tabarma da fuskokin da ke kanta. Amma ba ta hanzari, ba ta hayaƙi idan an kula da ita, kuma tana da ɗan ƙamshin suya da yake sa mutum jin yunwa ko ya ƙoshi.

Aci-bal-bal kuwa ta waje ce, ta dandali da masu talla da mai tsire. Gwangwanin madara ne aka like masa bututu da dalma, a cusa tsumma a zuba kananzir. Shi kananzir ba ya da nauyi, yana bin tsumma ya hau ko da tsaye yake, shi ya sa ba ta da neman lallashi, ba ta kuma da kunya wajen hayaƙi. Tsumman ma da zaɓi. Tsohon zanen da ya sha wanki har ya yi laushi shi ya fi, sabon yadi mai sitati ba ya shan komai, kuma da aka fara shigo da yadin roba, duk wadda ta yaga shi ta cusa sai ya narke ya dunƙule ya toshe bututun, yana wari. Daren da aka ba mu aron aci-bal-bal muka je gaɗa, da safe kowa hancinta baƙi ne, mu yi ta nuna juna muna dariya alhali kowacce da nata.

Sai fitilar ƙwai. Wannan ta Baba ce, a turakarsa take kwana, a rataye jikin ƙusa kusa da gafaka. Lagwaninta ba a murzawa, saye ake yi wajen mai tebur, saƙaƙƙe ne mai faɗi da ɗan layin zare mai launi a tsakiya, ya auna maka taƙi guda ya yanka da reza. Ranar da aka fara yarda in taɓa ta na ji na girma. In ɗaga ƙarfen, in zaro ƙwan a hankali, in goge shi da toka da busasshen tsumma har in hango zanen tafina ta cikinsa, in zare totuwar da aka toshe kwalbar kananzir in zuba ta mazurari, sannan a zo kan yankan lagwani, wanda shi ne ainihin aikin. A miƙe ake yanka shi, sai a ɗan rage kusurwoyin biyu kaɗan. Idan gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo ko da da ƙwayar gero ne, wuta za ta fitar da ƙaho ta nan, kafin Baba ya gama shafi ɗaya ƙwan ya yi baƙi ta ɓangaren. Ba ya faɗa. Yakan dai ɗaga kai daga karatu ya dubi fitilar, ya dube ni, ya ce, "Uwar masu gida, zo ki ga ƙahonki." Na fi son a doke ni da wannan.

Kyandir baƙo ne a gidanmu. Baffa ne yake zuwa da shi daga Kano a cikin ƙunshin takarda, farare tas, sumul, ba su da warin komai, kuma idan bazara ta tsananta sai a tarar sun lanƙwashe a cikin adaka. Iya ba ta taɓa ba shi amana ba. Ta ce ina amfanin fitilar da ba a ƙara mata mai. Ni kuwa ya tafi da hankalina, don na ga abin da ban taɓa gani ba, wuta tana ci tun daga sama har ƙasa babu wanda ya zo da tsinke, babu wanda ya zo da reza. Sai in kwanta rub da ciki in sa haɓa a hannu ina kallonsa. Lagwaninsa ba ya tsayawa a miƙe, sunkuyar da kai yake yi gefe kamar amarya a gaban dangin miji, bakinsa ya leƙo wajen harshen wutar ya yi ja, ya zama toka ya faɗi, kuma tsawonsa yana nan yadda yake.

Mu yara muka shiga tara ɗigon kaki, muna ɓamɓaro shi daga kan faifai da bakin taga, har ya cika murfin gwangwani, muka narka a kan garwashi muka zuba cikin guntun karan dawa da muka rarake, da abawar Iya a tsakiya. Ya kama wuta kuwa, mun yi ta tsalle. Amma namu lagwanin ya tsaya ƙyam a tsakiyar wutar, yana ƙara tsawo, kansa ya tara wani baƙin dunƙule, wuta ta yi girma ta narkar da kakin ya malale ƙasa, cikin ɗan lokaci ya ƙare. Da sauran yara suka watse, na nemo wani guntun kyandir na kanti na fasa shi da dutse, na zaro lagwanin na warware shi da allura. Ashe ba murza shi aka yi ba. Kitsa shi aka yi, gida uku, irin kitson da nake yi wa 'yartsanata.

Amsar wannan ba ta zo mini ba sai a kwalejin horon malamai mata, ranar da wata malamarmu 'yar Indiya ta shigo aji da kyandir da ashana, ta sa aka rufe tagogi. Ta ce lagwani ba shi ne yake ci ba, kuma kakin da ke tsaye ma ba shi ne yake ci ba. Zafi ne yake narkar da kakin, ruwansa ya bi 'yan ƙananan hanyoyin da ke tsakanin zaruruwa ya hau, ya zama tururi a sama, tururin nan shi ne abincin wuta. Ta hure kyandir ɗin, ta kawo ashana mai ci kusa da farin hayaƙin da ke tashi, wuta ta bi hayaƙin ta sauka kan lagwani ta kama. 'Yan aji suka yi shewa. Ni na yi shiru, don mun sha yin wannan wasan a bayan rumbu, ban dai taɓa zaton yana cikin littafi ba. Ta ce wani ɗan maƙeri a Ingila mai suna Michael Faraday ya tara yara a Landan a 1848 ya yi musu darussa a kan kyandir kaɗai, aka buga su littafi a 1861. Daga nan ta zana harshen wuta a allo, ta nuna cewa tsakiyarsa, nan kusa da lagwani inda ya yi duhu, iska ba ta isa wurin, shi ya sa lagwanin da ya tsaya a can ba ya ƙonewa sai dai ya zama gawayi. Zafin yana can gefe inda wuta ta haɗu da iska, yana iya kaiwa digiri 1,400. Kitsattsen lagwani yana lanƙwashewa ya kai bakinsa can, ya ƙone ya rage kansa da kansa. Wani Bafaranshe mai suna Cambacérès ne ya fito da shi a 1825, yana jiƙa shi da ruwan wasu gishirai don ya ƙone tas. Kafin nan Turawa ma da almakashi na musamman suke zaune kusa da kyandir suna yanke masa kai, har a gidajen wasan kwaikwayo akwai waɗanda aikinsu kenan. Na ji daɗin wannan ƙwarai. Ashe ina da 'yan'uwan sana'a a can.

Ƙamshi kuwa ba a fitila ake nemansa ba a gidanmu, yana da nasa kaskon. Amaryar Baffa ce ta taɓa gwada haɗa su, tana sabuwar zuwa, ɗakinta cike da jeren tasoshi da kwanonin sha. Ta ɗauki kwalbar Bintu Sudan ta tsiyaya a cikin kananzir ɗin fitilar ƙwanta, wai don idan ango ya shigo ya tarar da haske mai ƙamshi. Cikin fitilar a rufe yake, turaren ba shi da wata hanyar fita sai ta lagwani, lagwani kuma wuta yake kai wa. Abin da ya fito ƙauri ne da warin kananzir, ga wuta tana tari, washegari sai da aka canza lagwanin. Iya ta yi dariya har da hawaye, sannan ta kira ta ta ce, "Zo nan 'yar nan, in nuna miki." Ta ɗebo garwashin kirya a kasko, ba ta sa komai ba sai da harshen wuta ya kwanta, farar toka ta lulluɓe garwashin, ta ƙara barbaɗa wata tokar a kai, sannan ta ɗauko ɗan haɗinta na kajiji da sandal da jawul da farce ta ajiye a gefe-gefe. Hayaƙin ya taso siriri, ba ya gaggawa, ya bi labule ya bi zannuwan gado ya shiga cikin gashi. Ta ce mata turare ɗumi yake so, idan ya ga harshen wuta ya lalace. Kwana biyu ina jin ƙamshin a jikin ɗankwalina, ina sunsuna shi a ɓoye a makarantar allo.

Yanzu 'yar ƙanena, wadda ta ci sunan Inna mahaifiyarmu har ba na iya faɗin sunanta sai dai in ce Uwata, kyandir mai ƙamshi take yi a Kano tana sayarwa ta Instagram. A cikin kofunan gilas take zubawa, da kakin waken suya, ta haɗa da turaren oud ko sandal, kashi 6 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin kakin. Lagwaninta a leda yake zuwa, kowane kauri da lambarsa, da ɗan ƙarfe a gindi don ya tsaya, wani da zaren takarda a cikinsa, wani da siririyar waya don kada ya kife idan kaki ya narke. Ita ta gaya mini da har dalma ake sawa a ciki, sai da Amurka ta hana a 2003. Akwai ma na katako, mai ɗan ƙara ƙas-ƙas idan yana ci, wanda matan Abuja suke so. Na je na tarar ta jera kofuna a kan tebur, duk kaki ɗaya, turare ɗaya, lagwani ne kawai ya bambanta, ta kashe fanka tana gumi tana rubutu a littafi.

Ta ce, "Gwaggo, ƙamshin ba daga wutar yake fitowa ba, daga narkakken kakin da ke kwance a ƙarƙashinta ne." Idan lagwani ya yi ƙanƙanta, wuta ba ta narkar da kakin har bakin kofi, sai ta yi ta haƙa rami a tsakiya tana nutsewa, turaren da ke gefe ya zauna a daskare ba wanda ya ji shi. Idan ya yi kauri, kofi ya yi zafi, bakinsa ya yi baƙi, lagwani ya tara dunƙule a ka, turaren ya ƙone maimakon ya tashi. Turare mai nauyi yana toshe zare, sai an ƙara lamba ɗaya. Kofi mai faɗi ya fi son ƙananan lagwani biyu ko uku a kan babba guda. Kunnawar farko kuma ba a kashewa sai saman ya narke gaba ɗaya, in ba haka ba ramin da ya fara shi zai bi har ƙarshe. Tana ta bayani da hannu da baki, ni ina gyaɗa kai, ban katse ta ba, don ta sha wahala kafin ta gano, kuma akwai abubuwa a ciki da ni ma ban sani ba, kamar yadda kakin nata yake tsattsafo da turare idan zafin Afrilu ya yi yawa.

Da zan taho ta ba ni guda ɗaya a kwali, ta ce ta haɗa shi da ƙamshin turaren wuta saboda ni. Da magariba na kunna shi a falo. Ya yi kyau, ba ƙarya, wutarsa tsaye cak, ba hayaƙi, ƙamshin ya kai har soro kafin a kira isha'i. Na zagaya shi ta nan, na zagaya ta can, na ga kamar bakin lagwanin ya ɗan fi yadda ya kamata tsawo. Ina cikin haka waya ta yi ƙara, sai ga ta. Ta ce, "Gwaggo, na manta ban gaya miki ba, don Allah kada ki taɓa lagwanin nan, na riga na yanka shi daidai, milimita 6." Na ce to, Uwata, wa zai taɓa. Almakashi yana hannuna lokacin.